Kwana Goman Kwandasta a Ɗaki

Alhaji Sallau ya fi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da kudu, kafin yanar ido ta zaunar da shi a gidansa na Kibiya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya duk sun yi aure. Autarsa Huseina ce take zuwa daga Rano duk Juma'a ta share masa ɗaki. Sauran kwanakin kuwa daga shi sai muzurunsa, wani baƙi mai farin ƙirji da ya raɗa wa suna Kwandasta.

Kwandasta ba mazauni ba ne. Sai ya yi kwana uku ba a ga ƙeyarsa ba. In ya dawo da hantsi, Alhaji ya ɗora shi a cinya yana lalube jikinsa da yatsu. In ya ji ƙarangiya a wutsiya, ya ce yau ta gonakin hanyar Nariya aka bi. In ya ji ƙamshin tuyar ƙuli, ya san an leƙa gidan Tani mai man gyaɗa. Daga nan sai ya lumshe ido ya bi muzurun a zuci, katanga bayan katanga, har a kira azahar.

Wata Juma'a a tsakiyar damina Kwandasta ya dawo yana jan ƙafa, kunnensa a yage, wuyansa na tsatstsafo da jini. Huseina ta wanke ciwon da ruwan ɗumi, ta ce, "Baba, faɗan muzurai ne. Wata rana gawarsa za a kawo maka. A kai shi wajen likitan dabbobi a fiɗiye shi, ya huta da yawon nan."

"Haba Auta, a raba bawan Allah da hanya?" in ji Alhaji. "Ni na san zafin zama."

Bai yarda ba sai da ya tambayi Malam Mukhtar, limamin unguwarsu, bayan la'asar. Malam ya ce in dai don a kawar masa da cuta ne, kuma ba za a gana masa azaba ba, bai ga laifi ba. Duk da haka sai da Alhaji ya ƙara kwana biyu yana juya maganar, yana jin nishin muzurun a ƙarƙashin gado.

Da ciwon faɗan ya warke, suka shirya. An hana Kwandasta abinci tun jiya da magariba, kamar yadda likita ya faɗa wa Huseina a waya. Aka sa shi a kwando, aka ɗaure bakin da tsohon zane, Alhaji ya rungume a bayan babur ɗin haya. Tun daga Kibiya har Rano yana magana da kwandon a hankali. Dawa ta kai ƙirji a gefen titi, shi dai kore kawai yake gani yana wucewa, iska tana kaɗa masa babbar riga. Rabonsa da jin iskar hanya a fuska har ya manta.

Likitan, Dakta Lukman, ya yi wa muzurun allurar barci, kafin Alhaji ya gama shan ruwan da aka ba shi har an gama aiki.

"Har an yi?" Alhaji ya tambayi likita.

"An yi, Baba. Saura naku. Kwana goma kada ya fita. A yi masa shimfiɗa mai tsabta inda babu laima. Yau ruwa kaɗan, abinci sai ya wartsake sosai. Kada ya lashi wurin." Ya saƙala wa muzurun wata roba mai kamar mazurari a wuya.

Alhaji ya ce, "Mu a mota, in mutum ya yanke, baƙin mai muke shafawa."

Likita ya yi dariya. "Ba baƙin mai, ba toka, Baba. Na roƙe ka."

Da suka koma gida, Huseina ta shimfiɗa tsumma a cikin kwali. Alhaji ya zauna a tabarma, tafinsa a kan haƙarƙarin muzurun, yana jin numfashin na hawa da sauka. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba. Sai ga shi a bayan sitiyari, idonsa tangaram, Kwandasta na zaune a kujerar gefe da robarsa a wuya. Titin ya bar ƙasa ya hau kan katangun gari, ya ratsa duwatsun Rano, motar na tafiya ba ƙarar inji. A ƙasa mata na shanya, kowane gida da kyanwarsa a bakin ƙofa tana kallonsu. Ya ga marigayiyar matarsa a gindin wata tsamiya tana ɗaga hannu, ya nemi birki ya rasa, amma ko kaɗan hankalinsa bai tashi ba.

Ƙarar lasar ruwa ce ta tashe shi. Kwandasta ya fito daga kwali yana tangaɗi, robar na karo da bakin kwanon ruwansa.

Huseina ta kwana uku ta koma gidanta. A rana ta huɗu muzurun ya tuɓe robar da ƙafa, ya lashi wurin har ya yi ja. Alhaji ya laluba ya mayar da ita, ya sa maƙwabcinsa Mato ya kira likita. Likita ya ce a duba safe da yamma, in ya kumbura ko ya fara wari a kawo shi. Mato ne ya riƙa dubawa, tunda shi ke da ido. Wurin bai kumbura ba.

Ran kwana na goma aka cire roba, aka buɗe ƙofa. Kwandasta ya fita ya daɗe yana shinshina iska, ya haye katanga ya ɓace. Alhaji ya koma tabarmarsa ya zauna. Kafin magariba sai ya ji gashi mai ɗumi na gugar ƙafarsa.

Yawon bai yanke lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa raguwa. Kafin a yanke dawa, Kwandasta ya yi ƙiba, ya daina fitsari a jikin buhuna, iyakar tafiyarsa kan rumbun Mato. Ran wata kasuwar Rano sai ga Mato ya yi sallama da kwando a hannu, wani abu na kuka a ciki.

"Alhaji, nawa ma kwanakin baya an cire masa rabin kunne a faɗa. Ko za ka raka ni wajen likitan?"

Alhaji ya laluba ya ɗauko hularsa. "Ka dai hana shi abinci tun jiya?"

"Na hana."

"To miƙo kwandon, ni zan riƙe. Kai ba ka iya yi masa magana ba."