Fankar Likita

Wani mai aski ya daina taɓa aska tun ranar da wani tunani ya faɗo masa yana tsakiyar gyara wa wani dattijo gemu: in na yanka shi fa? Bai yanka kowa ba. Amma ya tattara asakensa ya ba matarsa ta ɓoye. Masu gemu suka koma shagon maƙwabci, nasa ya zama wurin hutun ƙudaje.

Matar ce ta ja shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.

"Likita," in ji mai askin, "mutumin kirki ba ya tunanin yanka mutane."

"Kowa na yi, malam. Jiya na yi tunanin turo surukina daga bene, yau tare muka sha shayi." Likita ya nuna fankar da ke ƙara a saman kansa. "Je ka gida ka yi ta fatan wannan ta faɗo min a ka. Mu gani ko tunani yana da hannu."

Ya yi fatan da zuciya ɗaya har gumi ya jiƙa shi. Washegari kafin likita ya iso, sai ga mai askin a ofishinsa, ya ari tsani wurin mai shara, ya hau ya ɗaure duk kusoshin fankar. Kullum haka.

Ranar komawa likita ya ce, "Ka gani? Ba ta faɗo ba. Har ƙarar ta daina."

"Ai ni nake zuwa ina ɗaure ta. To yanzu ni mai kisa ne ko mai ceto?"

Likita ya ɗaga kai ya kalli fankar. Sannan ya tambayi matar inda ta ɓoye asaken. Ta zaro ɗaya daga jakarta. Likita ya kwance wuyan riga, ya jingina, ya ɗaga haɓa.

"Aske ni. Duk abin da ya zo maka faɗe shi da ƙarfi, amma kada hannu ya tsaya."

Mai askin ya shafa masa sabulu. "Zan yanka ka."

"To. Bar min gashin baki."

"Likita, wallahi zan yanka ka."

"Na ji. Ka tsallake wajen kunnen nan."

"Maigida," in ji matar, "in yankan ne yi sauri, mutane na jira a waje."

Tunanin bai tafi ba, yana nan zaune. Askar dai ta bi wuya ta sauka lafiya. Wani mai jiran likita ya leƙo, ya shafa gemunsa.

"Malam, in ka gama yanka shi, ni ne a layi."