Ƙwan Gwaggo a Tsohuwar Kula

Da safe aka tarar da kazar Gwaggo a bayan tankin ruwa, wuya a karye, gashi a warwatse. Kowa ya san aikin karen maƙwabta ne, amma babu mai lokacin shari'a. Kazar ta yi nisa da kwanci a kan ƙwanta, kuma ita ce ta ƙarshe a irin kajin da Gwaggo ta gada wajen mahaifiyarta, masu tukku a ka da gashi har ƙafa. In ƙwan nan suka huce, irin ya ƙare ke nan.

Gwaggo ba ta tsaya kuka ba. Ta kwashe ƙwan a roba, ta jera musu kwalaben ruwan ɗumi, ta lulluɓe da bargo, ta zauna a tsakar gida da robar a cinya. Sannan ta ɗaga murya.

"Ina Auta? Ku kira min ita. Akwatin nan da ta cika mana kunne da shi, yau ranarsa."

Auta ba ta taɓa cika wa kowa kunne da komai ba. Ita ce a gidan in baƙi suka zo take gaishe su da ido a ƙasa, ta sulale. Tun da ta gama jami'a take zaman jiran aiki, ta mayar da ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene wurin zamanta: tsohon ƙyaure a kan durom biyu shi ne tebur, a kansa guntayen waya, dalma, ƙarfen narka ta, da mita mai auna wuta. A nan ta haɗa akwatin ƙyanƙyasa da tsohuwar kular da aka daina zuba ƙanƙara a ciki. Ta sa fitila mai ba da zafi, da 'yar fanka mai watsa zafin, da wani ɗan allon lantarki wanda bai kai tafin hannu ba. Allon shi ne ƙwaƙwalwar. Yana auna ɗumin cikin kular, in ya sauka ya kunna fitila da fanka, in ya kai ya kashe, bisa umarnin da ta rubuta masa a kwamfuta.

Kwamfutar ta Yaya ce, babban wanta mai zanen gine-gine. Ita ce ta sa aka shiga uku, don da la'asar zai tafi wurin wani gini a wani gari, da kwamfutarsa, kuma ba ranar zai dawo ba.

"An gwada shi, Gwaggo," in ji Auta a hankali. "Yana aiki."

Ta jona allon da cajar waya, ta haɗa shi da kwamfutar don ta ga lambobin zafi suna gudu a fuskarta. Fitila ta kama, fanka ta juya, ɗumi ya hau ya tsaya daidai inda ake so. Yaya ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Iko sai Allah. Malama Injiniya ta haifi kaza ta roba. To sakar min kwamfutata in haɗa kaya."

Ta zare igiyar da ta haɗa allon da kwamfutar. Kular ta yi shiru na ɗan lokaci, sai aka ji ƙyat. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Fitila ta riƙa ƙiftawa, fanka ta motsa ta tsaya, ta motsa ta tsaya, kamar mai son magana ana katse shi. Zafi kuwa sai sauka yake yi.

Auta ta mayar da igiyar don ta karanta abin da allon ke cewa, nan take komai ya koma lafiya lau. Ta zare, ƙyat ƙyat ya dawo.

"Wannan abin naki munafuki ne," in ji Yaya. "A gaban manya ladabi, an ba da baya rashin kunya."

"Kai, fita ka ba ta wuri," Gwaggo ta ce daga tsakar gida. "Ka zo ka ɗora min wani ruwan, kwalaben sun fara sanyi."

"Gwaggo, tunda kin iya kwancin, ki ƙarasa mana kawai. Sai mu riƙa watsa miki tsaba."

"Ubanka ma bai isa ya faɗa min haka ba, ɗan banza mai kai kamar tulu."

Auta ba ta ji dariyarsu ba. Abu na farko da ta yi shi ne ɗora mita a kan wayoyin cajar. Bolt biyar, in ji mita, abin da allon yake buƙata ke nan. Lambar ta ɗan yi rawa ta koma biyar. To ba wuta ba ce, ta ce a ranta, kuskuren yana cikin umarnin. Ta zauna ta bi shi layi-layi. Ta canza inda take zargi, ta tura wa allon, ta zuba ido, ya yi aiki. Ta zare igiya, ƙyat ƙyat. Ta sake canza wani wurin, ya yi aiki, ta zare, ƙyat ƙyat. Hantsi ya wuce, rana ta take, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Duk gyaran da ta yi sai ya ci jarrabawa a gabanta, ya faɗi a bayanta.

Gwaggo ta turo ƙofa da ƙafa, robar a ƙirji. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"'Yar nan, ki faɗa min gaskiya. Ruwan nan wani lokaci ya yi zafi da yawa, wani lokaci ya huce. Ba za su jure ba. In abin ba zai yiwu ba, in sani, in fara ba zuciyata haƙuri."

Auta ta kalli hannayen Gwaggo, jijiyoyi sun fito, sun riƙe robar gam. Ta ce, "Ki ƙara min lokaci kaɗan."

Akwai wani zaure a wayarta na masu sha'awar haɗa kayan lantarki. Ta daɗe a ciki tana karanta tambayoyin mutane, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta buɗe shi. Ta rubuta, "Don Allah ku yi haƙuri, ni sabuwa ce, wataƙila tambayar wauta ce," ta goge. Ta san halin mutanen zauren, in ba ka faɗi abin da ka gani daki-daki ba, sai su yi maka ca. Don haka ta tsara shi tsaf: allo kaza, fanka kaza, mita ya nuna biyar. Sannan ta rubuta, "In igiyar kwamfuta tana jone yana aiki, in na zare sai ya rikice."

Ta tsaya. Ta sake karanta layin.

Tun safe take ɗaukar igiyar nan a matsayin taga, wurin leƙa abin da allon ke tunani. Ta manta cewa ba saƙo kaɗai igiyar take ɗauka ba. Da wannan igiyar ake cajin waya. Duk sanda ta jona don ta duba mara lafiyan, kwamfutar tana ɗura masa wuta ta bayan fage. Ita da kanta take warkar da shi, sannan ta zauna tana neman ciwon.

Amma mita ya ce biyar. Ta ajiye wayar ba ta tura tambayar ba, ta jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai ɗan osiloskop da ta harhaɗa da hannunta tun tana aji uku, girmansa kamar sabulun wanka. Mita yana faɗin lamba ne bayan ya yi nazari, shi kuwa wannan zana wutar yake yi a matsayin layi, duk motsinta komai saurinsa. Ta maƙala shi a wayoyin, ta saita shi ya kama hoton da zarar layin ya faɗi, ta zare igiyar kwamfuta.

Koren layi ya miƙe sambal. Ƙyat. Layin ya rufta ƙasa kamar wanda ya taka rami, ya taso.

"Yaya!"

Ihun ya sa kofi ya kusa suɓuce masa. Bai taɓa jin muryarta ta kai haka ba. Ya shigo da gudu, Gwaggo a bayansa.

"Wuta ce ta ja ki?"

"Duba nan. Ka ga ramin nan? Fitila da fanka suna tashi lokaci guda, su fizge wutar, cajar ba ta da ƙarfin riƙewa. Sai allon ya suma. In ya farfaɗo ya ji sanyi, ya sake kunna su, ya sake suma. Abin ƙiftawar ido ne, mita ba ya gani. Kwamfutarka ce take tallafe shi tun safe."

"Wato ni nake ciyar da shi ban sani ba."

"Ina son kondensa babba, mai tara wuta ta sake ta lokacin da aka fizga. Nawa duk ƙanana ne." Ta dubi Yaya. "Akwai a tsohon rediyon Baba."

Rediyon ya shekara da mutuwa, amma Baba ya hana a taɓa shi, kullum cewa yake zai kai gyara. Yaya ya kama haɓa.

"Ni dai ba na nan aka yi."

"Ɗauko shi," in ji Gwaggo. "Ƙanena ne, ni na goya shi. In ya dawo ya zo ya same ni."

Auta ta kwance bayan rediyon, ƙura ta tashi. Ga kondensar nan tsaye kamar ƙaramin gwangwani. Ta narka dalmar ƙafafunta, ta cire, ta auna ta ga da ranta.

"Yaya, riƙe min nan. Ba nan ba, nan. Kar ka motsa."

"To, ranki ya daɗe."

Ta duba ƙafar da ke da alama don kada ta juya ta, ta liƙa ta kusa da allon. Hayaƙin dalma ya tashi siriri. Sannan ta koma kan umarnin ta ƙara layi biyu: a kunna fitila, a ɗan jira, sannan fanka, kada su taso wa cajar tare. Ta tura. Ta kama igiyar, ta dubi Gwaggo, ta zare.

Ƙyat, fitila ta kama. Aka ɗan jima, fanka ta ɗauka da ɗan zuginta mai laushi. A fuskar osiloskop koren layin ya ɗan duƙa kaɗan ya miƙe. Suka tsaya har zafi ya kai, fitila ta mutu, ya sauka, ta sake kamawa. Sau uku suna kallo, ba ƙyat ɗin banza ko ɗaya.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a cikin ɗan ɗakin har kunnen Yaya ya toshe. Da hannunta ta jera ƙwan a kular, ta sa ƙaramin kwano da ruwa kamar yadda Auta ta ce, ta rufe murfin a hankali. Yaya ya naɗe kwamfutarsa ya saɓa jaka.

"In sun fito a sa wa zakaran sunana. Ai ni na riƙe mata waya wajen gyaran."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta tsawo. Akwatin yana aiki, batirin wutar hasken rana na gidan bai ba su kunya ba, amma babu wanda ya san ko sanyin safiyar farko ya riga ya kashe abin da ke cikin ƙwan. Gwaggo ta kawo kujerarta bakin ɗakin ajiya ta tare. Ita ke juya ƙwan safe da yamma, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Baba ya ga rediyonsa a buɗe, ya dubi yayarsa, ya dubi 'yarsa, ya ce dama rediyon ya tsufa.

Wata rana da hantsi Auta tana wanke-wanke ta ji Gwaggo na kiranta, ba da ihu ba, da raɗa. Ta zo da kumfa a hannu. Daga cikin kular wani siririn sauti ke fitowa, tsiyau, tsiyau. Ta leƙa ta 'yar tagar da ta yanka a murfin. Ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki yana bugawa daga ciki. Na kusa da shi ma yana motsi.

Kafin yamma kular ta cika da hayaniya. Ƙwai biyu ba su fashe ba, Gwaggo ta ɗauke su ta riƙe a hannu na ɗan lokaci kafin ta fita da su. 'Yan tsakin da suka fito kuwa suka bushe suka yi bul-bul, suna tattaka juna. Ta ɗauko ɗaya ta ɗora a tafin Auta. Ba shi da nauyi ko kaɗan, zuciyarsa na bugawa da sauri a kan yatsunta, ga ɗan tudun gashi a tsakar kansa.

"Kin gani? Tukkun kakarki ke nan," in ji Gwaggo, tana share ido da gefen mayafi. Sai ta gyara murya. "Maƙwabciyarmu tana da mataccen firji a bayan gida. Ƙwai nawa zai ci?"

Auta ta shafa kan ɗan tsakon da yatsa ɗaya.

"Da yawa, Gwaggo. Amma ni zan je in tambaye ta da kaina, ina son in duba bayansa tukuna."