Matoshin Jirgi a Aljihun Hidayu

"Ruwa! Abang Zul, ruwa na shigowa!"

Siew Ling ce ta fara ihu, 'yar aji biyu da ke bencin tsakiya. Ta saki filafilinta ta ɗage ƙafafu sama. Shida daga cikin sauran 'yan tuƙin bakwai suka sunkuya a tare. Ruwa ya riga ya shanye katakon ƙasa, ya fara lasar idon sawunsu.

Zulhilmi, babban kadet na makarantar, wanda ƙanana ke kira Abang Zul, wato Yaya Zul, yana tsaye a bayan kwale-kwalen riƙe da sandar tuƙi, cikin farin kaki mai karin guga kamar wuƙa, usur ɗin shugabanci na lilo a wuyansa. Ya dubi ƙafafunsa, ya waiwaya gaɓar garin Lumut. Rumfar manyan baƙin da suka zo kallonsu ta koma kamar akwatin ashana.

"Ku ja! Wa ya ce ku tsaya? Feshi ne kawai."

"Feshi daga ƙasa, Abang?" in ji Kumaresan daga can gaba. "To yau kifi ke mana tofi."

Babu wanda ya yi dariya. Hidayu ce kaɗai ba ta sunkuya ba. Tana bencin farko, gwiwarta kusan tana taɓa ta Zul, tana jan filafilinta a natse. A aljihunta na dama akwai wani guntun katako mai kaurin babban yatsa, yana tokarin cinyarta duk lokacin da ta ja. Matoshin jirgin ne.

Doka ce da ko ɗan aji ɗaya ya haddace. In an ja kwale-kwale tudu, a cire matoshi don ruwan sama ya tsiyaye, a rataye shi a ƙusar da ke jikin ginshiƙin gadar katako. In za a shiga ruwa kuwa, matuƙi da kansa zai durƙusa ya cusa shi, ya danna da yatsa, ya ɗaga murya ya ce, "A toshe!" 'Yan tuƙi su amsa, "Mun ji!" Ba a aike, ba a wakilci. Yau Zul ya yi ihun, amma bai durƙusa ba. Hafsoshin sojan ruwa na kallo, ƙasan jirgin kuma da laka, shi ko wandonsa fari ƙal. Hidayu ce ƙarshen sauka daga gada. Ta ga matoshin na lilo a ƙusa, ta miƙa hannu ta zare shi, ta jefa a aljihu.

Wata goma sha ɗaya take jiran rana irin wannan.

Bara ma haka ya yi. A lokacin su biyu ne ke takarar usur, kowa da igiya uku a hannun riga. An yi sa'a, a bakin gaɓa jirgin ya nutse, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Da Cikgu Baharum, malamin da ke kula da 'yan kadet, ya tambayi yadda aka yi, Zul ya dube shi ido cikin ido ya ce Hidayu ce ta ce ya bari, ta riga ta toshe. A gaban fareti aka warware mata igiyoyinta da reza. Mahaifinta na cikin 'yan kallo, ya rufe rumfarsa ta gasasshen kifi don ya zo ya ga 'yarsa. Har suka isa gida a kan babur ƙeyarsa kawai take gani.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne karatu. A ƙa'idarsu, wanda ya faɗi lissafi ba ya riƙe muƙami, don haka ake haɗa ɗalibai biyu-biyu a zaman bita na bayan la'asar. Shekara biyu tana zama da Zul. Ita ta koya masa ya daina karanta littafi kamar jarida, ya rufe shi ya gwada kansa. Ita ta yanka masa kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ta ɗaure da roba. Da kwalayenta ya haye, ya juyo ya take ta. Yau kuma hafsoshi sun zo su ba kadet ɗaya tak takardar shaidar shiga kwalejin sojan ruwa, kowa kuma ya san sunan da za a rubuta.

Zul ya durƙusa, ya manta da guga. Ya cusa hannu ƙarƙashin katako yana lalube. Da yatsansa ya faɗa cikin ramin, sai fuskarsa ta yi fari kamar kakinsa.

"Babu," ya faɗa a hankali. "Babu matoshi."

"Ai ka ce a toshe," in ji Hidayu. "Mu kuma muka ce mun ji."

Ya cire hularsa ya dunƙule ya tura a ramin. Ruwa ya turo ta waje. Jirgin ceto na Cikgu Baharum na can wajen tutar juyawa, tafiyar minti biyar. Oba-oba na rataye a ƙirjin Zul, amma in ya danna ta, muryarsa za ta fita ta lasifikar rumfar baƙi, takarda kuma ta tafi ke nan.

"Ku kwarfe! Da hannu, da takalmi, da komai!"

"Kak Ayu," Siew Ling ta kira Hidayu da sunan da ƙanana ke ce mata, wato Yaya Ayu, "ban iya iyo sosai ba. Tsawon kwamin iyo ɗaya kawai na taɓa yi."

"Ɗaure rigar cetonki da kyau. Ba za ki nutse ba."

Sannan ta ajiye filafili a kan cinyarta, ta sa hannu a aljihu, ta fito da matoshin. Ta riƙe shi a tsakaninsu, daidai hancinsa.

Zul ya kai wawura. Ta janye hannun ta miƙa shi bisa ruwa.

"Ka ƙara motsi in sake shi."

"Kin haukace? Yara ne a jirgin nan!"

"Yanzu ka tuna da su? Me muke rerawa kullum da safe, Yallaɓai Shugaba? Shugaba shi ne farkon jiƙewa, shi ne ƙarshen cin abinci. Kai ko ko gwiwarka ba ka yarda ta jiƙe ba."

"Ayu, don Allah. Don zaman da muka yi."

"Zaman ne ya kawo mu nan. Danna oba-oba. Ka faɗi na yau, ka faɗi na bara. Ka kira sunana su ji."

"Za su kore ni."

"Ni da aka yi wa aski da reza a gaban ubana, mutuwa na yi?"

Kumaresan ya daina kwarfa, takalmi a hannu. "Kak, jirgin Pangkor!"

Babban jirgin fasinja ya fito daga bayan tsibirin Pangkor, yana jan doguwar taguwar ruwa a bayansa. Kullum sukan juya mata goshi su haye suna shewa. Amma kwale-kwalen da ruwa ya kai wa ƙwauri ba ya jin sandar tuƙi. Ya kwanta a gicciye kamar saniyar da aka kayar.

Hidayu ta ga taguwar. Ta ga Siew Ling ta ƙanƙame benci, leɓɓanta na motsi. Wani abu a ƙirjinta ya ce ta durƙusa ta toshe, a yi sauran rigimar a tudu. Sai ta tuna ƙarar reza a kan zare, da ƙeyar mahaifinta a kan babur. Hannunta bai sauko ba.

"Saura kai," ta ce.

Zul ya danna. "Cikgu... jirgi na ɗaya ne. Muna shan ruwa. Ban sa matoshi ba. Ban durƙusa ba." Ya so ya tsaya nan. Hidayu ta buɗe yatsa ɗaya daga jikin katakon. "Bara ma ni ne. Hidayu ba ta ce mini komai ba. Ƙarya na yi mata."

Kafin ya saki maɓallin ta riga ta faɗa ƙasa. Ruwa ya kai mata kafaɗa, ta lalubo ramin, ta cusa, ta danna da dukkan ƙarfinta.

"A toshe!"

"Mun ji!" suka amsa, wasu cikin kuka.

"Na dama ku ja, na hagu ku tura baya! Ɗaya! Biyu! Kumar, in ka saki filafilin nan sai na jefa ka ka bi shi!"

Goshin jirgin ya fara juyowa, amma bai gama ba taguwar ta iso. Ta ɗaga su ta maka. Siew Ling ta tashi sama, goshinta ya daki ƙarfen da ake saƙala filafili, ta zube cikin ruwan da ke ƙasan jirgi. Hidayu ta damƙo wuyan rigarta ta ɗago ta. Jini na zuba daga girarta, yana bin ruwan gishiri har cikin baki.

"Dube ni. Yatsu nawa?"

"Uku, Kak."

"To kina nan. Danne da wannan." Ta tuɓe ɗankwalin wuyanta ta ba ta.

Jirgin bai kife ba. Suka kwarfe da huluna da takalma har jirgin ceto ya iso ya jefo musu igiya. Duk tsawon hanyar komawa Zul na zaune a ƙasa, kai tsakanin gwiwoyi. Hidayu ce ke riƙe da sandar tuƙi, ba kuma wanda ya ce ta saki.

A kan gada iyaye sun yi cincirindo. Ma'aikaciyar jinya ta ja Siew Ling gefe tana goge mata fuska. Cikgu Baharum ya hau matakala yana huci, ya tsaya gaban Zul, ya miƙa tafin hannu. Zul ya cire usur ɗin ya ɗora masa.

Malamin ya juyo wajen Hidayu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na zalunce ki, 'yata. Ban bincika ba. Gobe da kaina zan je rumfar babanki." Ya jujjuya usur ɗin a hannu. "Kin ceci yara takwas yau. Hafsoshi sun ji komai. Matso."

Ta matso. Ta ji daɗin da ta yi wata goma sha ɗaya tana ƙiyastawa, sai dai bai kai yadda ta zata ba, don ta gefen ido tana hango audugar da ake ta canzawa a goshin Siew Ling. Duk da haka ta sunkuyar da kai don a rataya mata.

"Cikgu, dakata tukuna."

Wani hafsa ne da ba ta taɓa gani ba, ba ya cikin waɗanda suka zauna a rumfa. Daga hasumiyar tsaro ya sauko, dogo, mai furfura a gefen kunne, madubin hangen nesa na rataye a ƙirjinsa. Bai dubi Zul ba. Ya wuce kai tsaye wurin mai jinya, ya ɗaga haɓar Siew Ling, ya daɗe yana kallon raunin.

"Pa," yarinyar ta ce, sai ta fashe da kuka.

Ya shafa kanta, ya miƙe, ya tako a hankali har gaban Hidayu. Ya karanta sunan da ke ƙirjinta.

"Tun kuna kan gada nake kallon jirgin nan, don 'yata na ciki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ga wanda bai durƙusa ba. Na kuma ga hannun da ya je wajen ƙusa." Ya dubi agogonsa. "Minti goma sha huɗu yana aljihunki, Kadet Hidayu. Cikgu, riƙe usur ɗinka. A samo mana ɗaki da kujeru biyu."