Motar Yahuza Ba Ta Tashi Ba

Rabilu yana kwance a ƙarƙashin babbar motar lokacin da ya ga tiyon birki ya tsage, iska na sulalewa a hankali. An riga an lafta mata siminti. Yahuza direba yana gefe yana shan shayi, yana jira a sallame shi ya kama hanyar Tawa.

A wannan gareji na Malbaza ba a kai wa Shef Mamane, mai garejin, mummunan labari. Duk wanda ya ce mota ta lalace, shi ake ɗora wa laifin. Da Rabilu ya zo yana sabon makanike, baki gare shi, abin da ya gani sai ya faɗa. Aka mayar da shi wankin tayoyi har damina ta wuce, abokan aiki suka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Tun daga nan ya koyi kame bakinsa, har ana yabonsa da hankali.

Takalman Shef suka tsaya kusa da kansa.

"Rabilu, mi ake ciki? Mai kaya ya dame ni da kira."

Babu sabon tiyo a garejin, sai an aika Ƙonni. In ya faɗa, cewa za a yi ya ɗaure da roba. Ga shi yau kasuwa ke ci a bakin hanya, mata da amalanke ko'ina.

"Lahiya lau, Shef," ya ji bakinsa ya ce.

Da takalman suka yi nisa, ya miƙa hannu ya cire wata waya a jikin injin, ya tura ta inda ido ba zai kai ba.

Yahuza ya murza makulli, shiru. Ya sake murzawa, shiru.

"Ba kai ka ce lahiya lau ba?" in ji Shef a gaban kowa. "Ashe shirun naka na rashin iya aiki ne. Tahi gida, kada in gan ka sai na neme ka. Tanimun, duba mini wagga mota."

Rabilu ya ɗauki rigarsa, amma ya kasa wuce bakin ƙofa. Tanimun tsohon hannu ne, wayar ba za ta ɓuya masa ba. Tanimun ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa na motsi, can sai suka tsaya cik daidai inda tiyon yake. Suka daɗe a haka.

Ya fito yana goge hannu da tsumma, kansa a ƙasa.

"Shef, ban gano ba. Sai dai a sauke kayan, mu buɗe ta gobe."

Shef ya yi tsaki ya shige buro, ɗan ofishinsa. Tanimun bai dubi ƙofa ba, Rabilu ma bai kira shi ba. Ya saɓa rigarsa ya kama hanyar gida, yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa.