Sifana a Kan Inji

Tsohon makaniken da ke kula da ƙaramin jirgin feshin gonaki yana da wata ɗabi'a da bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinsa duk mai ido ya sani. In ya ɗaura noti da hannu bai matse shi ba, sai ya ajiye sifana a kan injin. Sifana na nan, aiki da saura. Ba ta nan, an gama. Ƙwaƙwalwa ta fara yi masa gardama, amma sifana ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Matuƙin jirgin mijin 'yarsa ne, mutum mai tsabta har ta yi yawa. Ko cokali ya gani a karkace sai ya gyara masa zama. Bai daɗe da fara aiki a wurin ba, kuma tsakaninsa da surukinsa magana ba ta wuce gaisuwa.

Ran nan da safe tsohon ya canza bututun baƙin mai, ya ɗaura notin da yatsu, ya ɗora sifana. Sai aka kira shi waje, wai motar kayan gyara ta iso. Da ya dawo, kan injin fes. Ya sosa ƙeya, ya ce a ransa, ashe na gama. Ya rufe murfin, ya buga shi da tafin hannu.

"Lafiya lau yake," ya ce wa matuƙin.

Jirgi ya tashi. Girgizar inji ta warware notin, mai ya tsiyaye, farfela ta tsaya cik. Ya faɗo a gonar da aka aike shi ya fesa.

A asibiti likita ya ce matuƙin zai rayu, amma tafiya da ƙafa ta ƙare. 'Yar tana bakin gado, ta ƙi kallon mahaifinta. Shi kuwa yana raɓe jikin ƙofa, abin ya ɗaure masa kai, don ya tabbata ya duba.

Matuƙin ya buɗe ido, ya gan shi.

"Baba, kada ka wahala wajen neman sifanarka. Na ga ka manta ta a kan inji, sai na goge ta na rataye maka a ƙusa."

Magana ɗaya za ta wanke tsohon a idon 'yarsa, amma ya san laifin kan mijinta zai koma. Ya dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin bargo.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce.