Adaftar Bayan Gado

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, aka cika kwana tara cur da ƙonewar adaftar na'urar wasan Malama. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Awo saboda shekara talatin da huɗu da ya yi yana auna filaye, ya ƙirga kwanakin a kalanda, adadin bai yi masa daɗi ba.

Don yara aka ƙera na'urar, amma a gidan nan magani ce. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hannun Malama na dama, surukinsu ya sauya wa na'urar kayan ciki, ya sa mata maɓallai manya kamar murfin kwalba. Likita ya ce ta riƙa dannawa rabin awa kullum. Wata uku tana yi, har yatsu biyu sun fara jin magana. Yanzu hannun ya koma kwance a kan cinya, surukin kuma yana can wajen aiki, sai ƙarshen wata.

"A mayar da ita kwali," in ji Malama. "Na tsufa da wasan yara."

"Tsufan da bai hana ki cinye ni sau goma sha biyu ba?"

Samun adafta ba wuya. Wurin zamanta ne matsalar. Soket ɗaya ne a ɗakin, yana bayan kan gado. In aka ja gadon, ƙofa ba za ta buɗu yadda keken da ake tura Malama a kai zai wuce ba. Ta farkon ma gadon ne ya matse ta har ta yi zafi ta ƙone. Mai Awo ya durƙusa da tef, ya samu santimita huɗu da rabi tsakanin gado da bango, ya yanko guntun katako daidai wannan kaurin.

"Ka gama auna ƙasar mutane, ka dawo awon bayan gado," in ji ta.

"Kafin azahar za ki danna."

Ya kira surukin a waya, ya rubuta abu uku a takarda: volt biyar, amp uku, fositif a tsakiyar kan waya. Ya zuba na'urar, da ƙonanniyar adaftar, da katakon a jaka, ya nufi layin masu kayan lantarki.

Mai shagon farko ya juya na'urar, ya karanta rubutun bayanta, ya miƙo wata ƙarama. "Ga ta, Baba. Volt tara, kamar yadda kamfani ya rubuta."

"Kamfani ya san wadda ya ƙera, bai san wannan ba. An sauya mata ciki. Ka ba ta tara, ka gasa ta."

"Haba Baba, ai duk wuta ce!"

"Ruwa ma duk ruwa ne, amma wani ya fi ƙarfin kwale-kwale."

A shago na biyu ya samu mai volt biyar, sai dai amp biyu ce. A na uku lissafi ya yi daidai, amma da ya jera ta da katakon sai ta ɗara shi da kaurin yatsa. Masu shagunan suka fara nuna wa juna tsoho mai katako. Bai kula ba. Ya san gyara ba ya zuwa daga dariya.

A ƙarshen layin akwai wata mai gyaran kyamarorin tsaro, gilashinta a kan goshi. Ita kaɗai ce ta karanta takardar kafin ta taɓa na'urar.

"Katakon na mene ne, Baba?"

"Faɗin wurin da za ta zauna."

Ta yi murmushi. "Da kowa na zuwa haka, da ban yi furfura ba."

Ta tono wata siririya daga aljihun tebur, irin wadda wayarta ke fita ta gefe. Volt biyar, amp uku. Katakon ya fi ta kauri. Sai dai kanta ya ƙi shiga ramin na'urar.

"Shi ya sa na zo da gawar," in ji Mai Awo, ya ajiye ƙonanniyar.

Ta yanke kan tsohuwar, ta liƙa shi da dalma a wayar sabuwar. Za ta jona ya ɗaga hannu. "'Yata, a auna tukuna." Ta ɗora mita. Fositif ya faɗo waje maimakon tsakiya. Ta dube shi, ta sauke gilashinta kan hanci, ta warware ta juya wayoyin. Awo na biyu ya fito daidai, koriyar fitilar na'urar ta kama.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya zura hannu bayan gadon. Adaftar ta shige, har da sarari tsakaninta da katakon gadon. Ya ɗora maɓallan a cinyar Malama. Ta daɗe tana kallon su, sannan ta ɗauko hannun daman da na hagu, ta aza a kai.

"Zauna," ta ce. "Saura na goma sha uku."

A ranar huɗu ga watan Yuni ta riƙe cokali da hannun dama. Adaftar ta yi shekara biyu da wata biyar a bayan gadon, ba a taɓa cire ta ba.