Tasar da Aka Sa wa Lamba

A gidan Bukari mahauci, a unguwar Didaure ta garin Sokode, ba a raɗa wa jariri suna sai an yi masa wanka a wata tasar tagulla. Kakan kakansu madugu ne ya zo da ita daga fataucin goro, kuma ko a lokacin tsohuwa ce tukuf, rubutun Larabcin bakinta ya kusa shafewa. Wannan tasar Bukari ya ɗauka, shekara shida da suka wuce, ya ba wani ƙaramin gidan tarihi aro, don an ce za a rubuta sunansa a jikin gilashi. Son a sani ke nan, ya fi kwaɗayin nama illa.

To, a 1993 aka haifa masa jikan fari, ƙasa tana tsakiyar yajin aiki. Gidan tarihin na garƙame. Mai gadi ya ce Alidu, mai kula da kayan, ya gudu garinsu Dapaong tun da aka fara ƙone-ƙone.

Tsohuwarsa Sayyada ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana bakwai gare ka," ta ce. "Kai ka kai ta, kai za ka dawo da ita."

Kwana biyu Bukari ya yi a bayan motar doya, shinge bayan shinge, wannan na soja, wancan na samari. Ya tarar da Alidu yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida. Ashe tasar tana ɗakinsa, naɗe da bargo. Ya taho da ita ne gudun ɓarayi.

Bukari ya miƙa hannu. Alidu ya kifa tasar, ya nuna masa wata farar lamba a gindinta.

"Alhaji, ka gani nimero? Kayan mize ne wannan, na gidan tarihi. Sai da papiye, takardar izini, daga Lome."

"Wa ke aiki a Lome da zai ba ni papiye?"

"Ba kowa. Amma doka doka ne. Kuma abin nan ya fi shekara ɗari shida, ruwa ba ya taɓa shi."

"Ruwa? Malam Alidu, a cikinta aka wanke ubana!"

Haushi ya cika Bukari. Ga kayanka, ga ka, amma wani na karanta maka doka. Ba dama ya zage shi, tunda ba don shi ba da tuni tasar ta zama awarwaro a kasuwa. Kwana biyu yana lallami, har limamin unguwa ya sa baki, kafin Alidu ya yarda, da sharaɗin zai biyo ta ya riƙe a cinyarsa.

A Tanjuware aka tare hanya, babu mai wucewa. Suka yi kwana biyu a gindin mangwaro, Alidu rungume da bargo kamar mai jego.

A rana ta takwas suka iso. An yanka rago, an watse. An yi wa yaro wanka a wata shuɗiyar roba ta kasuwa, ga ta can an jingine ta tana ɗiga.

Bukari ya durƙusa ya ajiye tasar a gaban tsohuwa.

"Inna, ga ta. A sake masa wankan, ko don albarkarta."

Sayyada ta dube shi, ba ta dubi tasar ba.

"Wace albarka? Kai ma a cikinta na wanke ka, ba ta hana ka bayar da ita ba."